Excitebike a idon bakaniken babur

Sana'ata gyaran babur ce a nan Agege, kuma na daɗe ina leƙa wasannin tseren babur da yaran gareji ke bugawa a waya. Yawancinsu kyawun hoto ne kawai. Babur yana sheƙi, ƙura tana tashi, har inuwar direba kana gani a ƙasa, amma ka murɗe totur tun daga farkon tsere har ƙarshensa, ba abin da zai sami injin. Duk wanda ya taɓa kwance kan inji ya ga fistin ɗin da zafi ya cinye ya san wannan ba halin babur ba ne. Wasan da na ga ya san halin inji wani tsoho ne da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a watan Nuwamban 1984, sunansa Excitebike. Shi nake bugawa yanzu a kan 'yar na'urar hannu ta Nintendo 3DS, wadda aka sabunta mata shi a 2011.

A Computer Village da ke Ikeja na sami na'urar. Wani aiki ne daban ya kai ni, sai na hange ta cikin gilashin mai sayar da kayan tokumbo, baƙa, gefenta ya ɗan kwarzane. Na ce ya kunna in gani. A cikin 'yan wasannin da mai ita na farko ya bari, sai ga hoton ɗan babur mai jar riga ya ɗaga tayar gaba. Ban ja ciniki da nisa ba.

Na san wasan tun ina yaro a Tudun Wadar Zariya, amma ban san sunansa ba a lokacin. Mai babur muke ce masa. A gidan maƙwabtanmu akwai irin na'urar nan da ake jonawa da talabijin, wadda muke kira famili kom, mai ɗaukar kaset ruwan ɗorawa. A jikin kaset ɗin an rubuta wasanni dubbai, in ka shiga ciki kuwa 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban: mai harbin agwagwa, mai tanka, Mario, sai mai babur. Daga baya na fahimci waɗancan na'urori kwaikwayo ne na Famicom, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, aka kai ta Amurka da sunan NES a 1985. Excitebike na cikin wasannin da aka buɗe kasuwar Amurka da su. Shigeru Miyamoto ne ya jagoranci tsara shi, mutumin da ya ƙirƙiro Mario, kuma dabarar da suka ƙware a kai a nan, ta sa fili ya riƙa tafiya sumul daga dama zuwa hagu ba tare da tsinkewa ba, ita suka ɗauka suka gina Super Mario Bros. a shekarar da ta biyo baya. Duka Excitebike ɗin kilobait 24 ne. Hoto guda da ake turo maka a WhatsApp ya fi shi nauyi.

Tsarinsa ba wuya. Kana kallon filin daga gefe, babur na tafiya dama, hanya ta rabu layi huɗu, kana hawa sama ko ka sauko ƙasa ka canja layi. Filaye biyar ne. A ƙasan allo an rubuta lokacin da ake so ka doke kafin ka shiga sahun ukun farko, in ba ka kai ba an fitar da kai. Madanni biyu ne na gudu. A shi ne totur na yau da kullum. B kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai yana dafa inji. A tsakiyar allo daga ƙasa akwai ma'aunin zafi, wani jan layi da ke tsawo yayin da kake danne da B. In ya cika, sai a ja ka gefen hanya ka tsaya cik na 'yan daƙiƙoƙi, kana kallon agogo na tafiya ba ka da yadda za ka yi.

Wannan jan layin shi ne ya riƙe ni.

Baburan da muke gyarawa a nan, irin su Bajaj Boxer da TVS da sauran 'yan'uwansu, iska ce ke sanyaya su. Ba lagireto, ba ruwa. Tsage-tsagen ƙarfen nan da kake gani a jikin silinda da kan inji ba ado ba ne, an yi su ne don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Daga iska sai baƙin mai, shi ke nan. In zafi ya wuce kima, baƙin mai ya tsinke ya rasa yauƙinsa, fistin ya kumbura ya fara gugar bangon silinda, ringi ya saki, ƙarfi ya ragu, in ba a tsaya ba inji ya buga. Kafin a kai nan, inji yana faɗa maka. Kukansa yana canjawa, yana ƙara siranta, akwai wani ƙaurin da ke tasowa tsakanin ƙafafunka. Direban kirki yana ji ya sassauta hannu. Wanda bai ji ba, gobe yana gabana da babur a kan amalanke.

Mutanen da suka yi Excitebike sun sa wannan kukan a ciki. Idan jan layin ya kusa cika, ƙarar injin tana sauyawa zuwa wata irin tsuwa mai tayar da hankali, ta yadda ko ba ka kalli ƙasan allo ba ka san an zo gaɓa. A na'urar da sautinta bai wuce 'yan ƙiƙ-ƙiƙ da ɗiɗ-ɗiɗ ba, sun ware kuka na musamman don gargaɗin zafi. Wannan ya nuna mini abin da suka ɗauka da muhimmanci. Kuma ba a banza ba, domin a daidai waɗannan shekaru zafi na cikin manyan abubuwan da ke damun masu ƙera baburan tsere. A farkon shekarun 1980 ne kamfanonin Japan irin su Yamaha da Suzuki suka fara fito da baburan tseren ƙasa masu lagireto a kasuwa, saboda injin da iska ke sanyayawa yakan rasa ƙarfi tun tsere bai ƙare ba.

Ba komai ne ya yi daidai da zahiri ba. A wasan akwai wasu alamu masu kama da kibiya da aka zana a ƙasa, in ka bi ta kansu zafi ya sauka nan take, abin da ba ya faruwa a duniya. Sannan a Legas abin da ya fi dafa mana inji ba gudu ba ne, tsayuwa ce: babur ya maƙale a gosulon Pen Cinema ko na Iyana Ipaja da tsakar rana, inji na aiki, iska ba ta kaɗawa, direba na ta wasa da kuloci. Amma tushen maganar ɗaya ne. Ƙarfin inji bashi ne kake ci, zafi ne ke zuwa karɓa. Kuma su kansu kibiyoyin sun zama darasi na daban, don ba a layi ɗaya suke ba. Sai ka haddace inda suke, ka tsara gudunka ta yadda jan layin zai kusa cika daidai lokacin da tayarka za ta taka kibiya. In ka iso da inji a sanyaye ka yi asarar gudun da ya kamata ka ci a baya. In ka makara da taku biyu kuma kana gefen hanya.

Akwai wani mutumin Gumel da ke zuwa garejina, ya shekara da shekaru yana acaba tsakanin Apapa da Mile 2 kafin a hana. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaba gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba kuma aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Da yawa cikin mutanenmu sun koma gida, wasu sun koma tuƙa keke, shi ma keken yake ja yanzu. Bai taɓa riƙe na'urar gem ba a rayuwarsa. Ranar da ya kawo gyaran birki, yana zaune a benci yana jira, na miƙa masa. Ya ce, "Oga, ni da wasan yara?" Na ce, "Malam, riƙe dai ka ji kukan injin nan." Na nuna masa madannan biyu, ban yi masa bayanin ma'aunin zafi ba.

Ya sha faɗuwa a kan tudu, wannan kam dole ne ga sabon hannu. Amma injinsa bai ƙone ba ko sau ɗaya. Da zarar tsuwar nan ta fara sai in ga babban yatsansa ya zame daga B ya koma A da kansa, idonsa na kan hanya. Yarona na gareji, wanda ya fi kowa saurin yatsu a unguwar nan, a tseren farko sau da yawa aka ja shi gefe. Da ya yi ƙorafi sai mutumin Gumel ya ce masa, "Yaro, ai sauri ke haifar nawa. Ba ka ji yana kuka ba ne?" Yaron ya ce shi bai ji komai ba. To, a wurin aiki ma abin da nake fama da shi a kai ke nan, ya koyi sauraron inji kafin ya ɗauko sifana.

Abu na biyu shi ne sauka. Filin cike yake da tuddai, ƙanana da manya, wasu a jere kamar kunyoyin gona, wasu dogaye masu shimfiɗaɗɗen kai, akwai kuma wani ɗan gajere mai kaifi da ke cilla ka sama fiye da yadda girmansa ya nuna. Da ka tashi sama, madannin hagu da dama sun daina zama na komai sai na karkata babur. Ka danna hagu, gaba ya ɗaga, ka yi sama sosai amma ba ka yi nisa ba. Ka danna dama, hanci ya sunkuya, ka miƙe ka yi nisa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma a faɗowar nan ake cin tsere ko a rasa shi. In tayoyinka biyu suka dira daidai da shimfiɗar ƙasar da ke ƙarƙashinka, babur ya wuce da gudunsa ko gezau. In ka ɗan kauce, ya yi tsalle-tsalle ya rage gudu. In ka kauce da yawa, kai da babur ku yi ta mirginawa, a watsar da kai can gefe, sai ka taso da gudu ka koma ka hau. Danna madanni da sauri-sauri yana sa ɗan direban ya ƙara sauri wajen komawa.

Abin da ya fi daɗi shi ne dira a kan gangaren tudu. Wato ka tashi daga tudu na farko, ka tsallake na biyu, ka sunkuyar da hanci daidai gwargwado, ka sauka a bayan na uku kana gangarowa. Babu girgiza, babu asarar gudu, sai ka ji abin ya zauna maka a ƙirji. Masu tseren gaske ma haka suke nema, domin dira a gangare yana raba nauyin faɗuwa, ba ya tara shi duka a kan shokazoba. Kuma su ma suna juya babur a sama: in suka ƙara totur tayar baya ta ƙara juyawa sai gaba ya ɗaga, in suka taɓa birkin baya sai hanci ya sunkuya. Baburansu an yi su don haka, shokazobarsu tana nutsewa kusan santimita 30. Na faɗi wannan ne saboda samarin da ke kawo mini Boxer da ƙafar gaba a lanƙwashe bayan sun gwada tsalle a bikin abokinsu. Boxer jakin aiki ne, an yi shi ya ɗauki mutum da buhu, ba a yi shi don tashi sama ba.

Ita wannan tsere ta ƙasa da laka ta girmi wasan da shekaru sittin. A Ingila aka fara ta, a wani gari da ake kira Camberley a 1924. Turawa suka riƙe ta tsawon lokaci, har 1970 da Suzuki ya zama kamfanin Japan na farko da ya ci kambin duniya, da wani direba ɗan Beljiyam mai suna Joël Robert. A 1972 kuma aka kwaso ƙasa aka zuba cikin babban filin wasa na Coliseum a Los Angeles, aka gina tuddai, mutane suka zauna a kujeru suna kallon tseren daga farko har ƙarshe. Irin wannan ta cikin filin wasa ce Excitebike ya kwaikwaya, shi ya sa kake ganin 'yan kallo jere a bayanka da masu ɗaukar hoto a bakin hanya.

Wasan yana da zaɓi na tsere kai kaɗai da agogo, da kuma wanda ake sako maka wasu baburan. Na biyun ya fi tayar da jijiya. Dokarsa guda ce: in tayarka ta gaba ta taɓa tayar bayan wani, kai ne a ƙasa. In kuwa ka sha gabansa ka goge tayarsa ta gaba da taka ta baya, shi ne a ƙasa. Duk wanda ya yi tuƙi a Legas ya san wannan dokar ba tare da an karanta masa ba, na baya shi ke da alhakin kula. Sai dai ni na fi son tsere da agogo. Sauran baburan ba sa ƙarewa, ko ka wuce goma wasu za su ɓullo, kuma ba matsayinka a cikinsu ake dubawa ba, lokacinka ake dubawa. Aikinsu kawai su tare maka layin da kibiyar sanyi take.

To, me sabuntawar 2011 ta ƙara? Kamfanin Arika ne ya yi aikin tare da Nintendo, aka sa masa suna 3D Classics: Excitebike. Shi ne na farko a jerin tsofaffin wasanni shida da aka yi wa irin wannan gyara, kuma an raba shi kyauta na kusan wata guda lokacin da aka buɗe shagon intanet na 3DS a watan Yunin shekarar. Ina kyautata zaton ta haka ya shiga na'urar da ke hannuna. Abin da na fi yaba musu shi ne abin da suka bari. Ba su sake zana babur ba, ba su ƙara masa makamai ko kuɗin sayen kaya ba, ba su taɓa nauyin tsalle ko saurin hawan zafi ba. Hannun da ya saba da na da, yana kamawa zai gane gida.

Allon ya ƙara faɗi, don haka kana hango tudu tun da ɗan nisa, wanda ke ba ka damar shirya layi. Sai kuma zurfin hoto. Allon sama na 3DS yana nuna wa kowane ido hotonsa daban ba tare da ka sa tabarau ba, akwai ɗan maɓalli a gefe da kake turawa sama ko ƙasa ka ƙara zurfin ko ka kashe shi. In ka tura shi sama, 'yan kallo su ja baya can ciki, layukan hanya huɗu su rabu sarai, ka ga wanne ne kusa da kai wanne ne nesa. A tsohon wasan wani lokaci sai ka ɗauka kana layin kibiya alhali kana na kusa da shi. Zurfin ya magance wannan. Matsalarsa ita ce yana son ka riƙe na'urar daidai gaban fuskarka, kada ka motsa. A cikin danfo daga Agege zuwa Oshodi wannan ba ya yiwuwa, kowane rami sai hoton ya rabu biyu, don haka a mota kashe shi nake yi. Samfurin da suka fitar daga baya, New Nintendo 3DS, yana bin fuskar mai wasa da kyamara don gyara wannan. Haka nan idan 'yar autata ta ce, "Baba, a ba ni mai babur," sai na sauke maɓallin ƙasa tukuna, domin kamfanin da kansa ya ce kada yara 'yan shekara shida zuwa ƙasa su kalli hoton mai zurfi.

Amma babban abin da sabuntawar ta kawo ba a ido yake ba. Tun 1984 wasan yana da sashen da kake gina filinka da kanka. Ana ba ka hanya fayau, da kayan gini 19 da aka jera da haruffa daga A zuwa S: tuddai iri-iri, laka, ciyawa, ƙananan kangiya, kibiyar sanyi. Kana tafiya da babur kana ajiye abin da kake so a inda kake so, sannan ka zaɓi yawan zagaye. A wancan zamani wannan abu ne da ba a saba gani ba a wasan gida. A Zariya mukan ɓata yamma guda muna gini, kowa na ba da shawara, wani ya ce a sa babban tudu, wani ya ce a bi shi da laka. Da an ɗauke wuta, ko mai gidan ya ce a kashe talabijin za a saurari labarai, shi ke nan filin ya tafi. Akwai wurin ajiyewa a jerin zaɓin, muna dannawa, ba ya ajiye komai. Dalili shi ne an tsara shi ya yi ajiya a kan kaset ɗin rediyo, ta wata na'urar naɗa da ake jonawa ta allon rubutu na Famicom, kuma a Japan kaɗai aka sayar da su. Yaran Amurka ma da ke da NES ta asali haka suka yi ta dannawa a banza.

A 3DS ana ajiye fili har 32, kuma yana riƙe maka mafi kyawun lokacinka ko ka kashe na'urar. Ranar da na gina fili, na kashe, na kunna washegari na tarar da shi yana nan, na daɗe ina dubansa. Abin da muka so muna yara ke nan ba mu samu ba.

Yanzu gini ya fi cin lokacina a kan tseren. Da azahar in aiki ya lafa nakan zauna ƙarƙashin rumfa in tsara. Na lura fili mai kyau ba shi ne mai tarin tuddai ba. Yaran gareji in suka karɓa sai su jera manyan tuddai bakwai a jere ba wurin numfashi, a ƙarshe ba mai jin daɗin hawa, har su da suka gina. Fili mai kyau yana yi maka tayi ne: ga doguwar hanya fayau da ke kiran ka ka danne B, amma kibiyar sanyi tana can nesa a layin ƙarshe, kuma kafin ita akwai laka a layi biyu. Ko ka ajiye ɗan tudun nan mai cillawa daidai inda mai gudun A zai faɗa cikin ciyawa, mai gudun B kuma ya tsallake, amma sai in ya iso da sauran sanyi a injinsa. Wanda na fi alfahari da shi na sa masa tsarin hanyarmu ta zuwa mayankar Oko-Oba a lokacin damina: laka, ɗan sarari, laka, kangi, sannan tudu guda babba a ƙarshe. Mutumin Gumel ne ke riƙe da mafi kyawun lokaci a kansa har yanzu, kuma kusan rabin filin da A yake bi.

Inda sabuntawar ta gaza a wurina shi ne rashin wasan mutum biyu. Ga na'ura mai iya haɗuwa da 'yar'uwarta ba waya, amma ba za ka yi tsere da abokinka kai tsaye ba, ba kuma za ka tura masa filin da ka gina ba. Alhali Vs. Excitebike da ya fito a kan Famicom Disk System, na'urar faifai da ake jonawa da Famicom, a 1988 yana da wasan mutum biyu, Excitebike: World Rally na na'urar Wii da ya fito a 2009 kuma har ta intanet aka riƙa karawa a lokacin. Mu dai karɓa-karɓa muke yi, kowa ya yi nasa a duba agogo. Hakan ma yana da armashinsa, don masu jira su ne 'yan kallo, kuma bakinsu ba ya shiru. Batirin ma ba ya jimawa, awa uku zuwa biyar ne a sabuwar na'ura ta farko, tsohuwa irin tawa kuwa ba ta kai haka, sai dai in na rage hasken allo na kashe zurfin hoto.

Wasu sun tambaye ni ko ba shi ne ke cikin 'yan na'urorin nan masu araha da ake sayarwa a Alaba da bakin titi ba, masu wasa 400 a ciki. Sau da yawa yana ciki, tsohon ne na 1984, kuma ga wanda yake so ya ɗanɗana ba laifi. Amma a waɗanda na taɓa, madannin karkatawa yana da tauri, kuma wannan wasa ne da ɗan taɓi kaɗan a sama ke raba dira da faɗuwa. Sautin ma yakan fito a shaƙe, tsuwar zafin ba ta fita sosai. Ajiye fili kuwa babu. Mai Nintendo Switch zai sami na asalin a cikin tarin wasannin NES da ake ba masu biyan kuɗin shiga intanet na kamfanin, a wasan tsere na Mario Kart 8 kuma akwai fili guda da aka gina don tunawa da shi.

Shi dai na 3DS ɗin ba a sayar da shi yanzu. An daina ƙera na'urar a 2020, shagonta na intanet kuma ya daina sayar da wasanni a watan Maris na 2023, kuma wannan sabuntawar ba ta taɓa fitowa a kaset ba. Hanyar samunsa ita ce ka dace da na'urar da mai ita ya sauke shi tun da. Don haka wanda zai je Ikeja ko Alaba nema, ya sa a kunna masa ya duba jerin wasannin da idonsa, ya shiga wasan ya gwada A da B da madannin hagu da dama, ya tura maɓallin zurfi sama da ƙasa, ya kuma buɗe ya rufe murfin ya ji ko maƙallin bai saki ba. In mai shago ya ce bari ya goge komai ya mayar maka da ita sabuwa, ka ce a'a, domin gogewar na iya tafiya da wasan. Cajarta iri ɗaya ce da ta Nintendo DSi, akwai kuma wayar caji mai bakin USB da ke shiga fawa bank, ita nake amfani da ita a gareji.